Amsa: Zazzaɓi ya sauka, in ajiye sauran Coartem?

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce tun kwana na biyu kin warware, kina so ki ajiye sauran ƙwayoyin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro. Don Allah kada ki yi. Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3: na biyu awa 8 bayan na farko, sauran safe da dare. Zafin jiki kan sauka alhali ƙwayar cutar tana nan a jini, sai ta dawo.

Kuma kada ki sha da yunwa. Maganin yana son maiƙo kafin ya shiga jiki sosai, ko da kofin madara ne ko ƙosai. In kin yi amai cikin awa ɗaya, ki sake sha, sannan ki karɓo cikon. In aman ya ƙi tsayawa, asibiti maza.