Tambaya da Amsa: Lauyan muhalli yana da abin yi a Arewa kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Barista. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun shari'a, kuma zuciyata ta karkata ga dokokin kare muhalli da na hukumomin da ke sa ido kan masana'antu. Amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce wannan fanni na mutanen Neja Delta ne, a Arewa babu abinci a cikinsa. Da gaske ne? In ba haka ba ne, ta ina mutum ke farawa har ya zama babban lauya a fannin? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yata. Waɗanda suka gaya miki haka sun ga ɓangare ɗaya ne na lamarin, kuma ban ga laifinsu ba, domin dokokinmu na muhalli daga Kudu aka haife su. A 1988 aka gano kusan tan 4,000 na shara mai guba da aka yi jigilarta daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta, kuma a lokacin ƙasar ba ta da cikakkiyar dokar da za ta hukunta masu laifin. A cikin shekarar gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai, sannan ta kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya. Dokar binciken illar manyan ayyuka ga muhalli ta biyo baya a 1992, NOSDRA mai kula da malalar mai a 2006, sai NESREA, hukumar da ke tilasta bin ƙa'idojin muhalli, a 2007.

Amma ki tuna da Zamfara. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da gubar dalma a tsakar gida, ƙurar dalma tana sauka a kan tabarma da kwanon abinci da hannun yaro mai rarrafe. Likitoci sun zo, masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun zo, amma tambayar da ta rataya a wuyan lauyoyi har yau ba ta samu masu bin ta yadda ya kamata ba: alhakin wa ne? Ma'adinai na hannun Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, ƙasa kuma tana hannun gwamna tun dokar filaye ta 1978, dillalin da ke sayen zinaren yana can birni ba a san fuskarsa ba. Warware irin wannan ƙulli shi ne aikin da kike tambaya a kai. Haka nan ruwan majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, wanda ke ɗauke da sinadaran jima yana gangarawa zuwa inda ake ban ruwan latas da alayyafo.

Abu na farko da za ki fahimta shi ne cewa Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, yana cikin Babi na Biyu, kuma Sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke wannan babi. Saboda haka gwanayen lauyoyi suka nemi wata ƙofa. A shari'ar Jonah Gbemre da Shell, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke a 2005 cewa ƙona iskar gas a kusa da gidajen jama'a tauye haƙƙin rayuwa ne da na mutunci, ta kuma jingina da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Ba a daina ƙona gas ba, kuma wannan yana ci mini rai, amma ƙofar ta buɗe. A 2018 Kotun Ƙoli ta ƙara faɗaɗa ta, da ta amince ƙungiya mai zaman kanta tana iya kai NNPC ƙara kan malalar mai ko da ba gonarta ce ta lalace ba.

Abu na biyu na koye shi ne da ciwo. A farkon aikina na tsaya wa wasu manoman rani da ruwan wata masana'anta ya ƙone musu tumatir. Na ga gonar da idona, ganye ya yi baƙi, bakin kwalbati ya yi kumfa mai wari, kuma ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini ruwan da ya ɗiba a gorar lemo. Da muka je kotu lauyan masana'antar bai musanta komai ba. Tambaya huɗu kawai ya yi: wa ya ɗebi ruwan, a wace rana, ina aka ajiye shi, wane ɗakin gwaji ya auna shi? Ba mu da amsa a rubuce, kuma a nan shari'ar ta mutu, mutanen suka koma gida da gaskiyarsu. Tun daga ranar ban sake shigar da ƙara ba sai da masanin sinadarai a gefena, da takardar da ke nuna kowane hannu da kwalbar ta ratsa.

Batun abinci kuwa, gaskiya mafi yawansa ba a zauren kotu yake ba. Yana wajen ba kamfanonin siminti da taki da lantarki da haƙar ma'adinai shawara kan lasisi da ƙa'idojin hukuma, musamman tun bayan Dokar Masana'antar Man Fetur da Dokar Sauyin Yanayi, duka na 2021. Ba abin kunya ba ne ki yi wa kamfani aiki, domin lauyan da ya hana a haƙa ramin shara kusa da rijiyar gari ya fi wanda ya zo neman diyya bayan an binne yara amfani. Sharaɗina ɗaya ne: kada ki taɓa sa hannu a kan rahoton da kika san ƙarya ne.

Sai kuma haƙuri. Mutanen garin Bodo a Jihar Ribas da mai ya malala musu a 2008 sai a 2015 suka karɓi diyyar fam miliyan 55 daga Shell, manoman Neja Delta da suka kai Shell ƙara a Holan a 2008 kuma sai a Janairun 2021 suka yi nasara. Muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, ma ba a neman sa sai bayan aƙalla shekara 10 ana aiki.

Idan kin gama Makarantar Horas da Lauyoyi, ki nemi yin bautar ƙasa a sashen shari'a na NESREA ko na ma'aikatar muhalli ta jiha. Kafin nan, ki riƙa duba jaridu: duk babban aikin da za a fara, ana ajiye rahoton binciken illarsa ga muhalli na kwana 21 na aiki a ma'aikata da sakatariyar ƙaramar hukuma domin jama'a su karanta su yi ƙorafi. Ki je ki nemi ɗaya, ki karanta shi daga bango zuwa bango, sannan ki tafi wurin da za a yi aikin ki tambayi mai unguwa ko an taɓa zama da su.