Amsar tambayarka kan hotunan bakin Shari

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na gane da zuciya ɗaya kayi tambayar, amma bazan ɓoye maka ba akwai inda ta sosa min rai. Kaga hoton mu cikin kwale-kwale da yara, babbar 'yata riƙe da madubin hangen nesa, sai kace wai tun yaushe Bahaushe ya fara ɗaukar iyalinsa yaje kallon tsuntsu da dorina kamar Bature, kuma ka ƙara da cewa anya mu 'yan Cadi akwai sauran Hausa a jikinmu kuwa. Toh bari in faɗa maka yadda abin yake.

Wurin da ka gani sunansa Dugiya, a bakin kogin Shari, kusan kilomita 80 arewa da Injamena. Daga nan idan kabi ruwa ka gangara, kogin zai fara rarrabuwa hannu-hannu kafin ya zube a tafkin Cadi, nan ciyawa nan tsibiri nan wata 'yar hanyar ruwa da jirgi ɗaya ne kawai zai iya ratsawa, idan baka da ɗan gari a gaban jirgi wallahi sai ka wuni kana zagaye wuri ɗaya. Shari shi ne ran tafkin, kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan dake shiga ta nan yake bi, bayan ya haɗe da Logon a tsakanin Injamena da Kusiri. Abinda ke bawa baƙi mamaki shine tafkin bashi da kogin dake fita daga cikinsa amma ruwansa na daɗi ne, ana sha ana bawa dabbobi, don yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirinsa, kanwar nan da ake haƙa ta wajen Kanem ai can gishirin ke taruwa.

Mu lokacin zuwanmu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, ruwa ya riga ya cika a Oktoba da Nuwamba ya fara ja da baya, sauro yayi sauƙi, kuma tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun sauka. Da asuba muke shiga. Kawuna ne ke tuƙi, kuma da zarar mun bar gaɓa yake kashe inji ya ɗauki filafili, yace ƙarar inji korar komai take. Kirinjijiya zaka fara ji kafin ka ganta, wannan fito nata, garke guda su tashi lokaci ɗaya har sai sun rufe maka gabas. Sai dinya, sai zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran wani, jinjimi, kwasakwasa suna jere suna kora kifi wuri guda, balbela kam ba'a ƙirga ta. Gauraka ce tayi wuya yanzu, ina yaro muna ganinsu bibbiyu a fadama, bana sau ɗaya muka gani kuma daga nesa. Dorina kuwa akwai ƙa'ida, kawu yana bubbuga gefen jirgi da filafili tun daga nesa don ta san da zuwanmu ta ɗago, ba'a ratsawa tsakaninta da zurfin ruwa, idan da ɗa a gefenta ma juyawa ake ba gardama. Yarana sun san wannan tun kafin su iya karatun boko.

Kace aikin Bature ne. Ni ban koya daga Bature ba, daga Baba na koya Allah ya jiƙansa, shi kuma ba yawon shaƙatawa ya kaishi ba, fataucin banda yake. Yakan ɗauke ni mu tafi Gite a bakin tafki mu kwana biyu uku wajen masunta ana kyafa tarwaɗa da bargi da giwan ruwa, hayaƙi ya kama riga har sati ana jinsa. A can na fara jin sunayen kayan kamun kifi, birgi, kalli, taru, mamari, gura, dumba, dukkansu da Hausa ake faɗarsu a sansanin masuntan, har waɗanda ba Hausawa ba na ji suna kiran wasu da sunan nan. To ka faɗa min, Kabawan Argungu da Sarkawan Yawuri ba Hausa suke ji ba? Sarkin Ruwa ba sarautar ƙasar Hausa bace? Ku da kanku kuna da fadamar Haɗeja da Nguru, tsuntsayen nan dake sauka mana su ne ke sauka Dagona ta jihar Yobe, ruwan Komadugu kuma tafkin nan namu yake nufa. Kai ne dai ka tashi cikin birni baka taɓa taka fadama ba, sai ka ɗauka Hausa a bakin kwalta ta tsaya.

Maganar kawu ce zata kaini inda nasan kake son zuwa, don na lura da yadda ka tambaya wane kawun. Ƙanin Inna ne, ɗan ƙabilar Kotoko ne, mutanen bakin kogin nan, Inna ma Kotoko ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Kakanmu, wan kakanka, da ƙafa ya baro gida da niyyar Makka, lokacin garin nan ana ce masa For Lami, sai 1973 aka maida shi Injamena. Guzuri ya ƙare masa ya tsaya neman na gaba, yana ɗinkin hula yana koyar da allo, na gaban bai samu ba har Allah ya karɓi abinsa. Waye ya bashi masauki, waye ya bashi filin da ya kafa bukka, waye daga baya ya ɗauki 'yarsa ya bawa ɗan baƙo? Mutanen nan ne. Masarautunsu irin su Gulfe da Kusiri da Logon Birni suna nan da musuluncinsu tun kafin Rabe yazo a kashe shi a Kusiri a 1900. Amma da muka je ta'aziyya gida shekarun baya, wata gwaggo ta jawo ni gefe tana tambaya a hankali wai ita uwar taku tana sallah kuwa. Inna na zaune a tsakar gidan da carbi a hannu, ta ji, bata ce komai ba har muka dawo, ni ne na kasa mantawa. Matar da ta koyi Hausa da girmanta saboda Baba, ta iya tuwo da miyar kuka har maƙwabta na aiko kwano, ita ce ta hana mu amsa wa Baba da Larabci a cikin gida.

Bazan yi maka ƙarya ba, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A titi Larabcin Cadi muke yi, a makaranta Faransanci, ƙanwata Balaraben Shuwa take aure kuma 'ya'yanta Hausarsu ta gaisuwa ce da sayen abu, wannan yana damuna nima, ina yi mata faɗa akai. Shayi muke sha sau uku a wuni, muna cin kisra, kuɗi kuma da dala muke lissafi a gida, a kasuwa muce riyal, duk sefa biyar kenan. Amma suna ranar bakwai ne, ana kai lefe ana sa lalle, yaro baya kiran sunan yayansa gatsau, ɗan fari uwarsa bata faɗar sunansa. Idan munzo Kano kuce 'yan Cadi, anan kuma duk wanda ya tashi kwatancen gidanmu gidan Hausawa zai ce, shekara nawa ba'a taɓa canza mana suna ba. Kun iya cewa kowa ya bar gida gida ya barshi, amma Baba har ya rasu duk shekara yana aika buhun banda gida kafin azumi, kuma babu shekarar da aka dawo mana dashi.

Dalilin da yasa nake kai yaran kuwa, abinda na gani ina yaro yana ƙarewa a idona. A 1963 tafkin nan ya kai murabba'in kilomita dubu 25, farin 1973 da na 1984 suka cinye mafi yawansa, tsofaffi suna nuna mana duwatsun Hajar al-Hamis kusa da Karal suce da ruwa har kusa da gindinsu yake zuwa, yanzu mota ke kai ka. Yakan dawo wasu shekarun, a 2022 ma Shari ya shiga unguwanni a Injamena mutane suka kwana a kan tudu, amma ba kamar da ba. Sannan ga rashin tsaro, tun wajen 2015 ban ƙara shiga tsibiran ciki ba, inda 'yan ƙabilar Buduma suke da shanunsu na Kuri masu kumburarren ƙaho, shanun da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri hancinsu kawai a sama. Ɗan autana bai taɓa gani ba, idan ina bashi labari gani yake tatsuniya ce. Shi yasa iya inda ake iya zuwa nake kaisu, su san bado da kainuwa da ciyawar burgu, su kira kowane tsuntsu da sunansa na Hausa daga bakina, kawu kuma ya faɗa musu na Kotoko.

Idan Allah ya kaimu Janairu ka biyo ta Maiduguri da Gamboru in hanya tayi kyau, ka ratsa Kamaru zuwa Kusiri, ka tsallako gadar Ngeli mai shigowa Injamena zan tare ka a bakinta. Ka taho da rigar sanyi don asubar kan ruwa ba wasa, kuma don Allah ka riƙo mana daddawa da kuka na gida, Inna tace na kasuwar nan basu kai ba. Ka gaida Baffa da su Hajiya.