Gwajin ANA ya fito fozitif, lufus ce ke nan?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki da ke Agege ta daɗe tana fama da ciwon gaɓoɓi da kasala, an yi mata gwajin ANA ya fito fozitif, kina tambaya ko lufus ce, wato cutar da garkuwar jiki ke faɗa wa jikin mai ita. Don Allah ki kwantar da hankalinki tukuna, wannan gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Abin da yake nema a jini wasu sojojin garkuwar jiki ne da suka ruɗe suka juya kan mai jikin, amma fa akwai masu lafiya garau da ake samun su da shi, musamman mata da tsofaffi, shi ya sa likita zai duba yawansa, don sakamakon 1:40 kaɗan ne, ba ɗaya ba ne da 1:640 mai yawa, sannan ya haɗa da abin da ya gani, ƙuraje a fuska, zubewar gashi, gyambon baki, kumburin ƙafa. In yana zargin lufus sai ya ƙara wasu gwaje-gwajen jini, anti-dsDNA da anti-Sm.

Ni dai ki kai ta asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja wajen likitan gaɓoɓi, a duba fitsarinta saboda lufus na taɓa ƙoda a ɓoye. Kuma kar ta fara shan maganin prednisolone daga kemis da kanta, ina roƙonki. Allah ya ba ta lafiya.