Tambaya da Amsa: Tsohuwar Kwamfutar da Aka Tarar a Ƙarƙashin Gado

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, kuma da muka zo kwashe kayan ɗakinsa a Aboabo sai muka tarar da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado, lulluɓe da zani. An rubuta 486 a gabanta. Ƙaninsa ne ya aiko masa da ita daga Amurka tun muna ƙanana, kuma a cikinta yake rubuta lissafin cinikin goronsa. 'Yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun taya, 'yan'uwana suna so a sayar, ni kuwa ina so in kunna ta in ga abin da ya bari. Me ya kamata in yi? (Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka soka ta a wuta, ko da na daƙiƙa ɗaya ne, har sai ka yi abubuwan da zan faɗa maka. Yawancin tsofaffin kwamfutocin da suka mutu a gabana, a minti na farko na kunnawa suka mutu, bayan sun yi shekara ashirin ko talatin a ajiye lafiya lau.

Juya ta ka dubi bayanta, kusa da inda wayar wuta take shiga. Za ka ga wani ɗan makunni, galibi ja, wanda ake turawa hagu ko dama, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Ghana kuwa 230, saboda haka na'urar da ta zo daga can tana iya kasancewa a kan 115, musamman idan Baba ta taransifoma yake kunna ta; in haka ne, sai an mayar da makunnin kan 230. Ni da kaina na yi wannan kuskure lokacin da nake koyon gyara a Adum: aka kawo wata kwamfuta sabuwar isowa daga tashar Tema, na soka ta ban duba bayanta ba, sai na ji ƙara kamar an fasa kwalba, hayaƙi ya turnuƙe shagon. Mai ita bai ce mini komai ba, ya tsaya yana kallon akwatin kawai, kuma har yau ina tuna fuskarsa duk lokacin da aka ajiye mini tsohuwar na'ura a kan tebur.

Bayan haka kwance murfin, ka ɗauki hoton cikinta da wayarka ta kowace kusurwa kafin ka taɓa komai, domin hoton ne zai tuna maka inda kowace waya take. Kada ka yi mamakin abin da za ka tarar. Na sha buɗe irin waɗannan akwatuna na samu gidan zanzaro manne da fanka, da ƙwayayen kyankyaso a tsakanin katuna, da busasshiyar tsaka kwance a cikin akwatin wuta, wato wanda wayar wuta take shiga, yake raba wa sassan na'urar wuta. A share ƙurar da buroshi mai laushi. Idan lokacin hunturu ne, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa babban allon da ke cikinsa, domin busasshiyar iska tana tara tartsatsi a jikin mutum, irin wanda yakan ji idan ya kama hannun ƙofar mota, kuma wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar na'ura.

Yanzu nemi babban maƙiyin. A kan babban allon da komai yake zaune a kansa, kusa da inda ake soka madannai, akwai wani ƙaramin batir mai siffar ganga, sau da yawa shuɗi ko kore, mai bolt 3.6, wanda aka liƙa da dalma. Aikinsa riƙe agogo da saitin na'ura idan an kashe wuta. Allunan zamanin 386 da 486 da yawa da irinsa suka zo, kuma idan ya tsufa yakan tsiyayar da wani ruwa mai kaifi irin na toka, wanda yake cin siraran hanyoyin jan ƙarfe da ke kan allon a hankali. Alamarsa wani farin gari ne a bakin batirin, da tsatsa mai launin tsanwa a ƙafafun abubuwan da ke kewaye da shi. Danshin daminar Kumasi yana ƙara masa sauri. Ko ka ga alamar ko ba ka gani ba, a yanke batirin a cire shi a yau. Inda ruwan ya taɓa, a ɗiga farin ruwan khal, a bar shi ya yi ɗan kumfa, a goge da tsohon buroshin haƙori, sannan a wanke wurin da sifirit mai ƙarfi irin na isofurofil, a bar allon ya bushe sarai na kwana ɗaya ko biyu. Ruwan khal yana da tsami, shi ya sa yake kashe kaifin wancan ruwan. Hanyar da ta riga ta yanke, mai gyaran rediyo ko talabijin da ya iya hannunsa zai iya haɗa ta da siririyar waya. Shi kuwa batirin akwai gubar kadmiyom a cikinsa, kada a jefa shi a wuta ko a bar shi inda yara suke wasa. Wani allon ba shi da ganga, sai wani baƙin dunƙule mai kusurwa huɗu da aka rubuta Dallas a kansa. Wannan batirinsa a ciki yake, ba ya tsiyaya, ƙarewa kawai yake yi.

Amma abin da ya fi komai daraja a akwatin nan shi ne faifan ajiya, wato ƙarfen nan mai nauyi, mai girman ƙaramin littafi, inda lissafin Baba yake. Cire shi ka ajiye gefe kafin a gwada komai. Akwatin wuta kuma a gwada shi shi kaɗai, a raba shi da allon, a jona masa wani tsohon faifan da ba a damu da shi ba domin ya sami abin ja, sannan a auna da mita: jar waya ta ba da bolt 5, rawaya ta ba da 12. Idan ta biyar ɗin ta wuce 5.25, kada a yarda da shi. A irin waɗannan tsofaffin akwatuna makunnin gaba yana ɗauke da cikakkiyar wutar gida, saboda haka kada a taɓa bayansa alhali waya tana soke. In an zo mayar da wayoyin allon, za ka ga filogi biyu masu kama da juna, P8 da P9, kuma ƙa'idarsu ita ce baƙaƙen wayoyin su haɗu a tsakiya. Wanda ya juya su ya ƙona allon.

Idan kwamfutar ta tashi bayan an mayar mata da faifan, kada ka firgita in ta ce ba ta ga faifai ba. Mutuwar batir ta shafe saitin, kuma tsofaffin na'urori sai an rubuta musu lambobin faifan da hannu, waɗanda galibi suke a takardar da ke manne a bayansa. Da zarar ya buɗe, a kwafe komai a wannan zaman, domin faifan da ya yi shekaru a kwance yana iya juyawa yau ya ƙi juyawa gobe. Ƙananan na'urorin USB da ake sayarwa don karanta tsohon faifai ba kullum suke gane na wancan zamani ba, shi ya sa na fi son a nemi kwamfutar zamanin Pentium II ko III ta zama gada tsakanin tsoho da sabo. Game da 'yan'uwanka kuwa, kayan gado ne, kowa yana da haƙƙi a ciki. Shawarata ita ce ka biya su abin da 'yan kondem suka taya, wanda kuɗin nauyin ƙarfe ne kawai, a yi shi a gaban kowa da yardar kowa. Wataƙila ma a cikin lissafin akwai bashin da ake bin Baba ko wanda yake bin wasu, kuma wannan ya shafi dukkan magada.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce da na yi ritaya. Ina da kwali cike da ƙananan faifan filofi da na ajiye darussa da wasiƙu a ciki, amma na ga wasu sun yi fari-fari kamar fumfuna. Ko akwai sauran fata? (Wata Hajiya daga Asawase)

Amsa: Hajiya, akwai fata, in an bi a hankali. Faifan da kike nufi, mai inci uku da rabi, yana ɗaukar megabait 1.44, kuma kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro shi, ya daina yin sa a 2011, saboda haka wanda ya lalace ba shi da madadi, balle abin da ke cikinsa. Ki tura ɗan ƙarfen da ke bakinsa gefe, ki dubi baƙin faifan da ke ciki a wurin haske, kina juya shi ta baya da yatsa. Wanda yake sumul ki ware shi gefe guda, wanda yake da ɗigo-ɗigon fari ki ware shi daban. Kada a saka mai fumfuna a na'urar karantawa yadda yake, domin dattin zai manne a kan ɗan bakin da yake karanta faifan, ya kankare faifan, sannan ya ɓata duk wanda aka saka bayansa. Ana goge shi da auduga mai laushi da aka ɗan jiƙa da sifirit, ana juyawa kaɗan-kaɗan har a zagaye, a bar shi ya bushe. A fara karanta masu tsabta tukuna, kuma kafin a saka kowanne a buɗe ɗan tagar da ke kusurwarsa, wadda take hana a yi rubutu a kansa bisa kuskure. Idan sabuwar kwamfuta ta ce a goge faifan a sake tsara shi, a ce mata a'a. Ki nisanta su da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, ki kuma ɗauke kwalin daga ƙasa ko jikin bangon da yake jiƙa da damina. Ki sa ɗaya daga cikin jikokinki ya zauna kusa da ke ranar da za a kwafe, domin ke kaɗai ce za ki gane wace wasiƙa ce wace.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, ina sha'awar tara tsofaffin kwamfutoci irin su Commodore da Apple na farko. A ina zan same su, kuma ana samun kuɗi a harkar? (Wani matashi daga Sawaba)

Amsa: Ɗana, na ji daɗin wasiƙarka. Waɗanda ka ambata su ne manyan sunaye: Apple II ta fito a 1977, IBM PC a 1981 da ƙwaƙwalwar Intel 8088, sai Commodore 64 da ZX Spectrum ta Ingila a 1982. Sai dai a iya abin da na gani, da wuya ka ci karo da su a nan. Abin da ya cika garuruwanmu shi ne na'urorin ofis da aka gama da su a Turai da Amurka aka loda a kwantena, irin su Compaq da Dell da IBM na zamanin Windows 95 da 98, waɗanda suka cika shagunan intanet bayan Ghana ta sami cikakkiyar hanyar intanet a 1995. Ni a ganina waɗannan ne tarihinmu, a kansu iyayenka da yayyenka suka fara aika saƙo ga 'yan'uwa a ƙasashen waje, kuma su ne ake farfasawa kullum ba tare da kowa ya ajiye ko ɗaya ba. Fara da ɗaya, ka tashe ta sosai, kafin ka nemi ta biyu. In faifanta ya mutu, akwai ɗan allo mai araha da yake ba katin ajiya na CompactFlash damar tsayawa a madadinsa, akwai kuma na'urar Gotek da take maye gurbin na'urar karanta filofi da sandar USB.

Wurin nema kuwa, tambayi masu gyara a Adum, da tsofaffin masu buga takardu, da makarantun da suke da ɗakin ajiya, sannan ka ƙulla mutunci da masu sayen ƙarafa a Dagomba Line, ka nuna musu hoton abin da kake so domin su ajiye maka kafin guduma ta hau kansa. Ka biya su fiye da kuɗin nauyi, domin neman halak ɗinsu suke yi cikin wahala. A Accra an rushe filin masu sayen ƙarafa na Agbogbloshie a 2021, masu sana'ar suka watsu wurare daban-daban, kuma tun 2016 ƙasar nan take da doka ta 917 kan shara mai guba da ta kayan lantarki. Kada ka ƙona waya don cire jan ƙarfe, hayaƙinta yana cin huhu. Kada kuma ka buɗe tsohon allon kallo mai ƙeya, domin kwalbarsa tana riƙe wuta mai dubban bolt ko bayan an zare waya, gilashinta kuma akwai dalma. Wannan aikin tsohon mai gyaran talabijin ne, je ka zauna gabansa ka koya. In Allah ya haɗa ka da Commodore 64, kada ka kunna ta da akwatin wutarta na asali kafin a auna shi, domin an san shi da wuce bolt 5 idan ya tsufa, ya ƙone ƙwaƙwalwar na'urar.

Maganar kuɗi, masu biya da tsada suna ƙasashen waje, kuɗin aika kaya mai nauyi kuma yakan cinye ribar. Abin da na tabbata za ka samu shi ne hannu: wanda ya iya bin hanyar jan ƙarfe da mita har ya gano inda ta yanke, ya iya gyaran inbata da sitabilaiza da allon mota, kuma masu wannan hannun ba sa rasa aiki daga Adum har Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci.

Tambaya: Jikin kwamfutata na roba ya koma ruwan ɗorawa. Zan iya mayar da shi fari? (Wani mai karatu daga Alabar)

Amsa: Ana iya yi, Malam, da ruwan haidirojin ferokzaid da hasken rana, bayan an cire robar daga jikin na'urar. Amma launin yakan dawo bayan wasu shekaru, kuma idan ruwan bai shafu daidai ba robar takan yi dabbare-dabbare. Ni nawa wanke su nake yi da sabulu da ruwan ɗumi, in shanya a inuwa, in ajiye su nesa da taga.