Kafin ka shiga tsohuwar matatar ruwa da kyamara

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce wani ɗan okada ya nuna maka wata tsohuwar matatar ruwa a bakin ƙaramin dam can cikin daji, ciyawa ta cinye ta, kana so ka je kai kaɗai ranar Lahadi ka ɗauko hotuna. Kana tambayar lokacin da haske ya fi kyau, da ko akwai abin tsoro. Na ga an cika ka da zancen maciji da aljanu. Ni na yi shekaru ina gyaran injin famfo kafin in koma ɗaukar hoton biki da suna a nan Aboabo cikin Kumasi, kuma abin da ya fi tayar min da hankali a irin wurin nan shi ne tankuna.

Fara tabbatarwa wurin ya mutu da gaske. Dam ɗin Owabi da aka gina a 1928, da na Barekese na kan kogin Offin wanda ke ba Kumasi mafi yawan ruwanta, duka suna aiki a hannun kamfanin ruwa na Ghana. Gini ya yi gansakuka ba ya nufin an yar da shi, kuma ko wanda aka rufe yana da mai shi. Kada ka haura shinge. Je ka gaida odikro, wato mai garin ƙauyen, ka nemi asambuliman, wato kansilan yankin, ka ajiye ɗan kuɗin goro, ka roƙa a haɗa ka da yaron da ya san wurin. Ka san yadda abin yake: ɗan Zango da jaka a baya yana zagaya tsohon ƙarfe, kafin ya buɗe baki an ce ɓarawon ƙarfe ne. In kuma yankin na 'yan galamse ne, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ba sa ƙaunar ganin kyamara ko kaɗan. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa sai da rajistar hukumar sufurin jiragen sama ta Ghana.

To, tankunan. Kowace matata tana da babban tankin da ake tara tataccen ruwa kafin a tura shi gari, kuma galibi a ƙarƙashin ƙasa yake, an rufe shi da kankare. Bayan shekaru ƙasa ta hau kansa, ciyawa ta fito, sai ka gan shi fili mai kyau, shimfiɗaɗɗe, daidai inda mai hoto zai so ya tsaya. Alhali rodin da ke ciki ya ci tsatsa, murafun ƙarfen kuma masu tsintar ƙarfe sun daɗe da kwashewa, saura ramuka a buɗe ƙarƙashin ganye. In ka ga fili ya cika daidaituwa, ga 'yan bututu masu lanƙwasasshen kai sun leƙo daga ƙasa, to a kan rufin tanki kake. Koma baya. Ka riƙe doguwar gora kana dungurar gabanka kafin ka taka, kuma kada ka taɓa ja da baya ido na cikin kyamara.

Sauka ciki kuwa, ko da tsanin ya yi kama da lafiyayye, na hana ka. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, amma a rufaffen rami tsatsa da ruɓaɓɓen ganye suna cinye shi, kuma ido ba ya gani. Akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da taɓo ke fitarwa. In ta yi yawa sai ta kashe hancin, ka ɗauka warin ya tafi. Sau da yawa wanda ya sauka ceto shi ma can yake zama. Haka ɗakin da ake ajiye maganin tsabtace ruwa: in ka ga tsofaffin silinda, kada ka murɗa komai. Iskar kulorin ta ninka iskar duniya nauyi wajen sau biyu da rabi, ƙasa take kwanciya, inda kake durƙusawa neman kusurwa.

Yanzu hoton. Yawancin masu zuwa irin wurin suna dawowa da tagar da ta fashe da bangon da ya tsage, abin da kowane kango ke da shi. Kai bi hanyar ruwan. Fara daga bakin dam inda ake jan shi, sannan matakalar da yake gangarowa don ya sha iska, sai kwatamin da ake zuba alam domin datti ya dunƙule, sai manyan tankunan da dattin ke kwanciya, sai gadajen yashi da tsakuwa masu tacewa, ka ƙare a ɗakin injin. In ka jera su haka, wanda bai taɓa tunanin daga ina ruwan famfonsa yake zuwa ba, shi ma zai gane. Ɗakin injin nan ne dukiyar. Matsa kusa da ɗan farantin ƙarfen da ke manne jikin kowane famfo, ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma: sunan kamfani da ƙasar da aka ƙera shi suna nan, wani lokaci har da shekara. Na taɓa samun allon da ma'aikata ke rubuta awo da alli, rubutun bai gama gogewa ba, ga gidan zanzaro a kan lambobin. Wannan hoton ya fi min duk na faɗin dam ɗin.

Haske kuwa, ka isa da hantsi bai ɗaga ba. Rana tsaka tana mayar da kankare fari fat. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa haske, ciyawa ma ta ragu, sai dai ƙura. Kada ka canza gilashin kyamara a waje. Cikin ɗaki kafa ta kan ƙafa uku ka bar hasken taga ya yi aikinsa, filasha tana kashe wurin.

Kada ka sa ƙafa a ruwan bakin dam, ko don alwala; kwantaccen ruwa mai dodon koɗi shi ne gidan tsargiya, ka tafi da ruwanka. Tsohon rufi mai toka-toka da ya farfashe yana iya zama asbestos, wani kayan rufi mai ƙurar da ke cutar da huhu, kada ka karya shi, kada ka share ƙurarsa. Inda kashin jemage ya taru ka rufe hanci. Sa takalmin but mai tsawo saboda macijiyar nan kasa, ita ba ta gudu.

In hannu kake so ya faɗa tukuna, fara da Owabi. Gandun namun daji ne a hannun hukumar gandun daji, ana shiga da izini tare da ɗan rakiya, ga tsuntsaye ga birai ga tsohon dam. Ka tambaye su abin da aka yarda ka ɗauka. Wancan na dajin kuwa ku tafi ku biyu ko uku, ka faɗa wa Hajiya sunan ƙauyen da lokacin dawowarku, don waya ba lalle ta kama a can ba.