Me ya sa masu gasar harbi ke ta auna kwanson harsashi kamar masu sayar da zinare?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni ɗalibi ne a Samaru, na ga wani bidiyo a YouTube, wani dattijo a Amurka yana ɗaukar kwanson harsashin da aka riga aka harba yana matsa shi a wani inji, ya cire ya auna, ya sake matsawa ya sake aunawa, wai duk don gasar harbin allo. Shin dan Allah wannan wahalar tana da wani amfani ko dai son iyawa ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba son iyawa bane, amma kafin mu je ko'ina bari in fara ja maka kunne, wancan dattijon a ƙasarsu doka ta yarje masa, mu nan kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ya ƙera ko ya haɗa harsashi da kansa, aikin ma'aikatun gwamnati ne irin su DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964. Saboda haka abin da zan faɗa maka ilimin ƙarfe ne, irin wanda ake koyarwa a aji, kar ka je ka jawo wa kanka abin da ya fi ƙarfinka.

Toh kwanson nan tagulla ce, kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya, kuma an zaɓe ta ne saboda tana da laushi tana kuma da ɗan taurin kai. Lokacin da aka harba, matsin da ke cikin ɗakin harsashi a bindiga mai cin harsashi samfurin .308 yakan kai wajen psi dubu 60 (psi ma'aunin matsi ne, irin wanda ake auna iskar taya da shi), sai kwanson ya kumbura ya manne da bangon ɗakin ya toshe hayaƙi kar ya dawo fuskar mai harbi, daga nan ya ɗan tsuke ya fito. Amma baya komawa yadda yake tun farko. Shi ya sa ake tura shi cikin dayis, wato wani ƙarfe mai rami da aka yanka daidai siffar da ake so. Ka taɓa tsayawa wajen masu wankin hula a Tudun Wada ka ga yadda suke ɗora jiƙaƙƙiyar hula a kan gungume don ta koma siffarta? Kusan haka ne, sai dai ita hula daga ciki ake buɗa ta, shi kwanso daga waje ake matse shi.

Inda gizo ke saƙa shine kafaɗa, wannan gangaren da ke tsakanin jikin kwanso da wuyansa. Masu gasa suna mayar da ita baya da kamar inci 0.002 ne kawai, wajen milimita 0.05 kenan, ko kaurin gashin kanka bai kai ba. In ba a mayar ba, bindiga ta ƙi rufuwa sai da ƙarfi. In kuma aka wuce gona da iri, duk harbi kwanson zai miƙe ya cike gurbin, wajen gindinsa yana ta sirancewa har wata rana ya rabu biyu a ciki, wannan kuwa hatsari ne ba na wasa ba. Wuyan ma haka, shi ke riƙe da kan harsashi, kuma so ake duk kwanso ya riƙe da ƙarfi iri ɗaya, don in wannan ya saki da wuri wancan ya riƙe gam, gudunsu zai bambanta. A yadi 100 ba lallai ka lura ba, amma a gasar F-Class da ake harbi har yadi 1,000, wato mita 914, ɗaya zai sauka sama ɗaya ƙasa.

Abin da ni na fi so ka gane, wanda masu bidiyo ba su cika tsayawa a kai ba, shine dayis ɗin baya canzawa, tagullar ce ke canzawa. Ɗauki wayar rataye kaya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji wajen yana ƙara tauri kafin ya karye. Kwanso ma duk harbi da matsi taurinsa ƙaruwa yake, kuma wanda ya yi tauri in ka matsa shi sai ya ɗan turo ya dawo. Kaga kenan wanda aka harba sau 2 da wanda aka harba sau 8, ko a dayis ɗaya ka sa su ba za su fito da awo ɗaya ba. Wannan ne dalilin da za ka ga sun ware su a akwati akwati da rubutu a jiki, ba sa ma haɗa na Lapua da na wani kamfanin. Wasu kuma sukan gasa wuya da kafaɗa don su yi laushi, abin da kowane maƙeri a Sabon Gari ya sani tun yana yaron zuga, amma banda gindi, shi dole ya zauna da taurinsa.

Sauran kuma hannu ne. Man da ake shafa wa kwanso kafin a tura shi dayis in ya yi yawa ya lotsa kafaɗa, in ya yi kaɗan kwanso ya maƙale a dayis. Jan hannun injin ma sai ya zama iri ɗaya, har da ɗan tsayawar da ake yi in an kai ƙarshe.

Awon ma kansa akwai rigima. Na sha gwada wa yarana a shago, in ba mutum uku baniya kalifa ɗaya, wato ma'aunin nan mai baki da ake auna kaurin ƙarfe da shi, da guntun ƙarfe ɗaya, su kawo min lamba uku, wani ya danna babban yatsa kamar yana faɗa da ita, wani bai goge bakinta ba ga ƙurar hunturun Zariya ta zauna a kai. In kana son ka ga abin da idonka, gobe in kun shiga wokshof ɗauki noti ɗaya ka auna shi sau goma kana rubutawa, sai ka turo min abin da ka samu.