Za Mu Fita Waje Hutun 'Yan Kwanaki: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambayoyin da suka taru a gabana kwanan nan kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum ya samu kwana huɗu ko biyar zai leƙa wata ƙasa ya huta, yana so ya je lafiya ya dawo lafiya. Ga biyar daga ciki.

Likita, zan kai iyayena hutun kwana biyar. Baba shekararsa 68, yana da ciwon suga, yana allurar insulin. Mama kuma gwiwa ke damunta. Na rubuta wurare 14 da nake so su gani. Me zan kiyaye?

Allah ya yi maka albarka, Malam. Amma kafin mu zo kan magani, ɗauko takardar nan ka soke wurare tara ko goma. Kwana biyar ɗin da kake lissafi, uku ne a zahiri. Ranar isa filin jirgi da layin duba fasfo da neman masauki za su cinye ta, ranar dawowa kuma tun asuba hankali yana kan akwati. Wuri 14 a kwana uku, kusan biyar ke nan kowace rana. Ko saurayi sai ya ji a jikinsa, balle Mama.

Ga yadda zan tsara da ni ne. Ranar farko kada a sa komai, wanka da abinci da barci kawai. Sauran ranakun, babban wuri ɗaya da safe, a dawo masauki bayan abincin rana kowa ya miƙe ƙafa, da yamma a ɗan zaga kusa in jiki ya yarda. Sannu ba ta hana zuwa. Ka nemi masauki mai lif, a tsakiyar wuraren da za ku je, ko da ɗakin bai kai na bayan gari girma ba. Sannan ka sanar da kamfanin jirgin, aƙalla kwana biyu kafin tashi, cewa Mama na bukatar kujera mai taya. Tsakanin ƙofar jirgi da wurin ɗaukar kaya a manyan filaye tafiya ce mai nisa, kuma iyaye ba sa son cewa sun gaji.

Game da Baba, abin da na fi tsoro a irin wannan tafiya shi ne faɗuwar suga. Ya yi allura da safe, ya yi tafiyar ƙafa fiye da yadda ya saba, abincin rana ya makara saboda "saura wuri ɗaya mu gama". Sai gumi, rawar hannu, jiri, magana ta fara sarƙewa. Alewa ko lemon kwali ya kasance a aljihunka koyaushe, na'urar gwajin suga kuma a jakar hannu. Insulin ma a jakar hannu, kada ya shiga akwatin da ake sawa a ƙasan jirgi, domin sanyin can na iya daskarar da shi, kuma wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kusan kwana 28 ba firji, muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Ku ɗauki ninkin abin da kuke bukata. In akwai bambancin lokaci mai yawa, likitansa ya tsara masa lokutan allura tun kafin ku tashi.

Abu na ƙarshe, takalmi. Na taɓa duba wani dattijo da 'ya'yansa suka saya wa sabon takalmi musamman don tafiya. Kwana uku yana yawo da shi bai ji komai ba, domin suga ya riga ya kashe masa jin ƙafa. A dare na uku 'yarsa ta ga safarsa ta manne da diddige, da ɗigon jini kamar girman kwabo. Ciwon nan ya fi wata biyu muna wanke shi. Baba ya tafi da tsohon takalminsa, kuma ka duba masa ƙafa kowane dare, har tsakanin yatsu.

Kwana huɗu zan yi a ƙasar da ta riga mu da awa biyar. Yaya zan yi da barci?

'Yar'uwa, agogon jiki yakan gyaru ne kusan awa ɗaya a rana, kuma zuwa gabas ya fi wuya. Ke nan kafin jikinki ya saba, kin kama hanyar gida. Don haka ban ga amfanin kokawa da shi ba. Ƙarfe tara na safe a can, jikinki a ƙarfe huɗu na asuba yake. Ki bar safiya ga barci da karin kumallo a natse, ki sa fitarki daga tsakar rana zuwa dare, lokacin da kike da kuzari. In barcin rana ya rinjaye ki, minti 20 zuwa 30 ya isa. Kofi kuma ki tsayar da shi tun da rana. Ƙwayar barci ban ba ki shawara ba, musamman a cikin jirgi.

Ina da ciki mako 24, jirgin awa shida ne. Zan iya?

In cikin lafiyayye ne, babu zubar jini, babu hawan jini, kuma likitarki ta amince, kina cikin lokacin da ya fi dacewa, wato tsakanin mako 14 da 28. Yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita bayan mako 28, kuma ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, ko 32 in tagwaye ne. Ki lissafa da ranar dawowa, nan mutane ke mantuwa.

Abin lura shi ne gudan jini a jijiyar ƙafa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin yakan ninka bayan zaman awa huɗu ko fiye, ciki kuma yana ƙara shi. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki tashi ki taka duk bayan awa ɗaya, ki riƙa motsa idon sawu, ki sha ruwa sosai, ki sa safar nan ta asibiti mai matse ƙwauri. Bel ɗin kujera a ƙasan ciki ake ɗaura shi. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko da bayan makonni da dawowa ne, asibiti nan take.

Ina shan tiramadol saboda ciwon baya, likita ne ya rubuta. Zan iya tafiya da shi?

Kada ka ɗauka a wasa, Malam. Ƙasashe irin su Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsauri ƙwarai kan tiramadol, kuma akwai waɗanda suka shiga hannu a kansa. Kodin ma ana sa masa ido a wurare da yawa. Ka duba dokar ƙasar a ofishin jakadancinta, ka riƙe takardar likita mai sunanka da adadin da kake sha, maganin kuma a kwalinsa na asali, gwargwadon kwanakin tafiyar.

An ce in kawo katin rigakafin zazzaɓin shawara. Nawa na 2012 ne, ya mutu?

Bai mutu ba. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai, allura ɗaya ta wadatar. Wanda bai taɓa yi ba shi ne zai yi hanzari, domin katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ka duba dai sunan da ke kan katin ya yi daidai da na fasfonka.